Tafiya Zuwa Mafaɗar Ruwa: Darasi a Kan Baƙin Ƙuda da Makantar Kogi

Ƙasar Adamawa ta Kamaru tudu ce. Daga kanta koguna da yawa suke gangarowa, waɗansu su nufi kudu, waɗansu arewa. Inda kogi ya iske gaɓar dutse, sai ya zubo ƙasa gaba ɗaya da ƙara. Wannan wuri shi ake kira mafaɗar ruwa, waɗansu kuma su ce matsirga. Mutanen Ngaundere sun san guda biyu sosai. Akwai ta kogin Vina, kimanin kilomita 15 daga gari ta hanyar Meiganga. Akwai kuma ta Tello a gabas, wajen kilomita 50, mai tsawo ƙwarai, da kogo a bayan ruwan inda mutum zai tsaya ruwa yana zuba a gabansa kamar labule.

Bayan Salla ko Kirsimeti, ko in an rufe makaranta, matasa sukan haɗa kuɗin mota su tafi kallo. Akan bar mota ko babur a bakin hanya, a ƙarasa da ƙafa. Tafiyar ba ta da nisa. Da farko ciyawa ce da itatuwa jefi-jefi, rana tana duka. Sai hanya ta fara gangara, a shiga kurmin bakin ruwa, inda malmo da ɓaure da tukurwa suka haɗa kai suka yi duhuwa. Nan take iska ta yi sanyi. Kafin ido ya ga ruwan, kunne ya riga ya ji shi.

Ba mu hana kowa wannan tafiya ba. Tafiya a ƙafa tana taimakon mai hawan jini da mai ciwon sukari, tana kuma wartsake zuciya. Amma akwai abin da ya kamata mai zuwa kallo ya sani. Akwai kuma abin da ya fi wannan girma, wanda ya shafi mutanen da gonarsu, ko masuntarsu, ko mashayar shanunsu take bakin irin wannan ruwa. Su ne muka fi nufi da wannan darasi.

A kan hanya da bakin ruwa

Ku sa takalmi mai rufe ƙafa, kada silifa. Wanda ke gaba ya riƙe sanda yana bugun ciyawa. Kasa ba ta gudu in ta ji motsi, kwanciya take yi a kan hanya, launinta kuma kamar busasshen ganye. In maciji ya sari wani, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure da roba ko igiya tamau. A cire zobe da munduwa tun kafin kumburi, a ɗaura ƙafar a jikin itace kamar mai karaya don kada ta motsa, a ɗauke shi a kai asibiti. Kada a bar shi ya taka, kada kuma a tsaya neman macijin.

Duwatsun da feshin ruwa ke jiƙawa suna da gansakuka, santsinsu ya fi na sabulu. Waɗansu masu faɗuwa a irin wannan wuri sun matsa baki ne don ɗaukar hoto da waya. Inda ruwan ke sauka kuwa yana juyawa yana jan abu ƙasa, ko gwanin iyo bai kamata ya faɗa can ba. Da damina, in an yi ruwa a sama can inda ba ku gani ba, kogi yana iya cika cikin ɗan lokaci. In kun ga ruwan ya fara ja, yana kawo ganye da itace, ku hau tudu.

Ku zo da ruwan shanku daga gida. Ruwan kogi yana iya yin garau alhali ƙauyuka da garke sun riga sun yi amfani da shi a sama. A ƙasa kuma, inda ruwa ya kwanta cikin ciyawa, nan ƙananan katantanwa masu ɗauke da tsargiya suke zama. Yaron da ya yi wanka a can, in daga baya aka ga jini a fitsarinsa ko a bayan gidansa, a kawo shi. Akwai magani.

Ɗan ƙudan da ke jira a ƙarshen hanya

Duk wanda ya taɓa zama a bakin mafaɗar ruwa da hantsi ko da la'asar ya san shi, ko da bai san sunansa ba. Ƙuda ne baƙi, ƙarami, bai fi ƙwayar riɗi ba, da ɗan doro a bayansa. Ba ya kuka a kunne kamar sauro. Yakan sauka a ƙafa, musamman daga gwiwa zuwa ƙasa. Sau da yawa ba ka jin lokacin da ya cije ka. Sai ka duba ka ga ɗigon jini a ƙwaurinka, daga baya wurin ya tashi yana ƙaiƙayi. Macen ce take cizo, don tana bukatar jini kafin ta yi ƙwai.

Me ya kawo shi nan? Sauro yana son kwantaccen ruwa. Shi wannan ƙuda ruwa mai gudu yake so, wanda yake bugun duwatsu yana kumfa, don 'ya'yansa ba sa rayuwa sai a ruwan da iska ta cakuɗa da shi sosai. Macen takan zuba ƙwai a kan ganye da rassan da suka sunkuya cikin ruwa, da kan duwatsu. In ka ɗaga irin wannan ganye ka duba, za ka ga ƙananan tsutsotsi baƙaƙe sun manne a jere. Cikin mako biyu ko ƙasa da haka sun zama ƙudaje sun tashi. Wato abin da ya sa mafaɗar ruwa ta yi kyaun kallo, shi ne ya sa ta zama gidan ƙudan. Ba kuma a nan kaɗai yake tsayawa ba. Yana tafiya kilomita da yawa neman jini, ya iske manomi a gonarsa ko mace a wurin wanki.

Da cizon ne kawai, da mun ce a yi haƙuri. Amma ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido, kuma a nan maganar ta zo daidai. Wannan ƙuda shi ke yaɗa cutar da ake kira makantar kogi.

Yadda cutar take shiga jiki

In ƙudan ya ciji mai cutar, yana kwasar 'ya'yan wata tsutsa da ke cikin fatarsa, ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu. Suna girma a cikin ƙudan kamar mako ɗaya. In ya ciji wani mutum, sai ya bar masa su.

A jikin sabon mutumin suna ɗaukar shekara guda ko fiye kafin su zama manya. Babbar macen siririya ce kamar zare, tsawonta yana kai kamu guda. Sukan dunƙule, maza da mata, a ƙarƙashin fata, jiki ya kewaye su da nama mai tauri. Shi ne ƙullutun da ake ji in an shafa ƙugu, ko haƙarƙari, ko gwiwa, wani lokaci a kai. Ƙullutun ba ya ciwo, shi ya sa mutane ba su damu da shi ba. Amma a cikinsa macen tana haihuwar ɗaruruwan 'ya'ya kowace rana, har dubu, kuma tana iya yin haka shekara 10 zuwa 15.

Waɗannan 'ya'ya su ne masu ɓarna. Suna bazuwa cikin fata ko'ina, suna shiga ido. Inda suka mutu, jiki yakan tashi faɗa da gawarsu, wurin ya kumbura ya yi ƙaiƙayi. A fata wannan faɗa yana barin tabo. A ido ma tabo yake bari, sai dai tabon ido yana tare haske.

A nan ya kamata mu rarrabe mutum biyu. Wanda ya zo kallo rana ɗaya, ƙudaje kaɗan suka cije shi, da wuya ƙwarai abin ya kai shi ga makanta. Ba kowane ƙuda ke ɗauke da tsutsar ba, kuma cutar tana yin nauyi ne in cizo ya taru a kan cizo, shekara da shekaru. Wanda ke cikin haɗari shi ne mai noman fadama a bakin kogin, da masunci, da makiyayi, da mai haƙar yashi ko zinariya, da matan da ke wanki da ɗiban ruwa kullum, da yaran da suka tashi a wurin.

Makiyaya da mahauta sukan tambaye mu game da ƙullutun da suke gani a fatar cikin shanu a yankin Ngaundere. Gaskiya ne, shanu suna da tasu irin tsutsar, kuma ƙudan nan ne yake yaɗa ta. 'Yar'uwar ta mutane ce, amma ba ita ba ce. Cin naman ba ya sa wa mutum makantar kogi. Haka kuma ba a ɗaukar cutar ta shan ruwan kogin, ko cin abinci tare da mai ita, ko kwana shimfiɗa ɗaya. Ƙuda ne kaɗai hanyarta.

Alamun cutar

Abu na fari ƙaiƙayi ne. Mai shi yakan sosa da farce, ya sosa da ɓawon masara, har da dutse ko wuƙa. Ba ya barci. Da rana ba shi da ƙarfin noma, yaro kuma ba ya iya sauraron malami. Mutane sukan ɗauka ƙazuwa ce, ko sammu, ko rashin tsabta, har a guji mutum, har budurwa ta rasa mai nema saboda fatarta. Wannan zalunci ne a kan mara lafiya, kuma rashin sani ne ya kawo shi.

In shekaru suka wuce, fata takan yi kauri da kaushi kamar ta ƙadangare, ko ta yamushe, saurayi ya zama da fatar tsoho. A ƙwauri kuma launi yakan ɓace wuri-wuri, fari da baƙi, kamar jikin damisa. Wannan ba kuturta ba ce. In ka taɓa wurin da tsinke, mai shi yana ji.

Ido yakan fara da ƙaiƙayi, da ja, da hawaye, da ƙin hasken rana. Daga nan gani ya fara hazo. Wani kuma abin da ke gefensa ne yake fara ɓace masa, ko ya kasa gani da magariba. Abin a hankali yake tafiya, shi ya sa mutum ba ya firgita sai ya yi nisa. Makantar kan zo wa mutum yana da shekara 30 ko 40, lokacin da gida duka yake kansa. A kwarin Vina ta Arewa, wajen Tuboro, an san ƙauyukan da a dā cutar ta makantar da magidanta da yawa, yara ke jan iyayensu da sanda. A hedkwatar Hukumar Lafiya ta Duniya a Janeba akwai mutum-mutumin yaro yana jan makaho da sanda, an kafa shi don tunawa da wannan cuta.

Wani abu kuma da iyaye ya kamata su sani: a wuraren da cutar ta yi yawa, kamar kwarin Mbam, ana samun farfaɗiya da yawa a cikin yaran da aka haifa lafiya lau, kuma likitoci sun ga alaƙa tsakanin biyun. Yaro mai farfaɗiya a kawo shi asibiti. Kada a bar shi shi kaɗai a bakin ruwa ko bakin wuta.

Ƙwayar da ake rabawa

Maganin sunansa ibamektin, amma kowa ya fi saninsa da Mectizan. Tun shekarar 1987 kamfanin Merck na Amurka yake ba da shi kyauta don wannan cuta, saboda haka ba na sayarwa ba ne. Mutanen ƙauye ne suke zaɓar mai rabawa daga cikinsu. Yana zuwa da sandar awo mai alamomi da littafin sunaye. Wanda tsayinsa ya kai santimita 90 zuwa 119 ƙwaya ɗaya, 120 zuwa 140 biyu, 141 zuwa 158 uku, wanda ya wuce haka huɗu. A haɗiye a gabansa. Kada a sa a aljihu a ce sai an je gida.

Ba a ba yaron da bai kai shekara 5 ba ko bai kai santimita 90 ba, da mace mai ciki, da mai jego a makon farko na haihuwa, da wanda ke kwance da ciwo mai tsanani. Waɗannan su jira. Mai jego ta nemi nata in mako ya wuce.

Yanzu ga maganar da muke so kowa ya riƙe, kuma ita ce aka fi kuskurewa. Ƙwayar tana kashe 'ya'yan tsutsar da ke cikin fata da ido. Tana kuma hana uwar haihuwa na waɗansu watanni. Amma ba ta kashe uwar. Uwar tana nan cikin ƙullutu, bayan watanni ta sake farawa. Shi ya sa ake sha kowace shekara, a waɗansu wurare sau biyu a shekara, har uwar ta tsufa ta mutu don kanta. Mun ce tana kai shekara 15. To shan maganin ma haka zai kai, ko ya wuce.

Mutum yakan sha shekara biyu ko uku, ƙaiƙayi ya tafi, ya yi barci mai daɗi, sai ya ce ya warke. Shekara ta huɗu mai rabawa ya zo, ya ce masa, "Ka ba masu ciwo, ni lafiyata ƙalau." Wannan kamar mai noma ne da ya yi noman fari ya ce ya gama da ciyawa. Kuma ba kansa kaɗai yake cuta ba. 'Ya'yan tsutsar da suka dawo fatarsa, su ne ƙuda zai kwasa ya kai wa ɗansa da maƙwabcinsa da suka sha nasu. Mutum goma da suka ƙi sha suna iya riƙe cutar a ƙauye duka.

Akwai waɗanda ba ƙi suka yi ba, rabon ne yake wuce su. Ɗan kasuwa yana Garwa ko Yawunde ranar da aka zo. Direba yana hanya. Makiyayi ya tafi mashekari da shanu. Baƙon da ya zo noma ko su ko haƙar zinariya ba a rubuta sunansa ba, don ba ɗan gari ba ne. A unguwannin Hausawa, inda maza suke yawan tafiya, wannan ya zama ruwan dare. Mai gida ya tabbatar an rubuta kowa da ke ƙarƙashinsa, har almajirai da barori da baƙi. Wanda ya dawo daga tafiya ya je wurin mai rabawa ko asibitin da ke kusa ya ce a ba shi nasa. Inda mata ba sa fita, a zaɓi mace cikin masu rabawa, ta shiga gida ta auna su.

"Na sha ya kumbura ni"

Muna jin wannan magana, kuma ba ƙarya ba ce. Wanda tsutsa ta yi yawa a jikinsa, in ya sha karo na farko, ƙaiƙayi yana iya ƙaruwa, fuska ko ƙafa ta kumbura, ya ji zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi, ko jiri in ya miƙe. Tsutsotsi ne suke mutuwa da yawa lokaci ɗaya. Yakan wuce cikin kwana biyu ko uku. A kwanta, a sha ruwa da yawa, a sha farasitamol. Shekara mai zuwa abin ba ya kai haka. Maganar da ake yaɗawa cewa ƙwayar tana hana haihuwa ba ta da tushe. Abin da take ƙara yi shi ne fitar da tsutsar ciki, da kashe ƙazuwa da ƙwarƙwata.

Amma akwai gargaɗi ɗaya mai nauyi. A ƙasar kurmi ta kudancin Kamaru, har zuwa kudancin Adamawa wajen Bankim, akwai wata tsutsa dabam, ana kiranta lowa, wadda wani babban jan ƙuda ke yaɗawa. Ita ce wadda akan ga tana ratsa farin ido, ko ta sa hannu ya kumbura kwana kaɗan ya sace. Wanda 'ya'yanta suka yi yawa ƙwarai a jininsa, Mectizan yana iya taɓa masa ƙwaƙwalwa. Don haka in ka taɓa zama a ƙasar kurmi, ko ka taɓa ganin tsutsa a idonka, ka faɗa wa ma'aikacin lafiya kafin ka sha. Ana iya duba jininka da rana. In kuwa wani ya sha, bayan kwana ɗaya zuwa uku ya kasa tsayuwa, ko maganarsa ta rikice, ko fitsari ya kufce masa, ko barci ya danne shi ba ya farkawa sosai, a ɗauko shi nan da nan. Kada a jira gari ya waye, kada a ɗura masa jiƙo.

Ana iya raba ƙasa da ita

Daga 1974 zuwa 2002 an yi babban aiki a Afirka ta Yamma, inda jirage masu saukar ungulu suke bin koguna suna zuba maganin da ke kashe 'ya'yan ƙudan a cikin ruwa. Daga baya aka haɗa da rabon ƙwaya. Mutane suka koma fadamun da kakanninsu suka gudu suka bari saboda makanta. A watan Janairu na 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa Nijar ta rabu da cutar, ita ce ta farko a Afirka. Aikin ya ci shekara hamsin. A Kamaru koguna masu gudu sun fi yawa, ƙudan ma ya fi yawa, don haka aikin yana nan, kuma ƙwayar ita ce babban makamin da ke hannu.

Kafin nan, a rage cizo gwargwadon iko. Gidan sauro ba ya tsare mutum daga wannan ƙuda, domin da rana yake cizo, a waje. Ku ci gaba da kwana cikinsa saboda zazzaɓin cizon sauro. Abin da ke tsare ƙafa shi ne dogon wando da safa, a cusa bakin wandon cikin safar. Mata su sauke zane har idon sawu, ko su sa wando a ciki. Tufa mai haske ta fi baƙa, don ƙudan ya fi bin mai duhu. In da hali, a yi wanki da ɗiban ruwa da tsakar rana, lokacin da cizo yake raguwa. Masu zuwa kallo su shafa man korar sauro a ƙafa da hannu, kada su shimfiɗa tabarmar cin abinci dab da ruwa, kada kuma a kwantar da jariri tsirara a inuwar bakin kogi.

Wanda ke da ƙaiƙayin da ya ƙi jin magani, ko ƙullutu a ƙugu ko a kai, ko fari-fari a ƙwauri, ya zo a duba shi. Gwajin ba wuya: ana ɗan ɗebo fata ƙanƙanuwa daga ƙugu, a sa a ruwan gishiri, a duba da madubin likita. Ƙullutun kai akan cire shi, don yana kusa da ido. Akwai kuma wani magani, doksisaikilin, da likita ke iya rubuta wa mutum ɗaya ya sha kullum har mako huɗu zuwa shida, wanda yake raunana uwar tsutsar kanta. Ba a ba mai ciki da ƙananan yara, kuma ba a saye shi a tebur a sha da ka.

Wanda ganinsa ya fara raguwa kada ya jira rabon shekara. Abin da cutar ta riga ta ɓata a ido ba ya dawowa, amma ana iya tsare abin da ya rage. Ko wanda ya riga ya makance a kawo shi. Wani lokaci yanar ido ce ta rufe shi, ita kuwa ana yi mata aiki mutum ya sake gani. In za ku zo, ku faɗa mana sunan kogin da kuke zaune kusa da shi, da shekara nawa kuka yi a wurin, da shekarar da kuka sha ƙwayar ta ƙarshe.